APA ko IEEE a maƙalar taron ilimi?

Mai shirya maƙala yakan ci karo da ɗayan salon nan biyu wajen kawo madogara.

APA, wanda ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fitar da bugunsa na 7 a 2019, yana sa sunan marubuci da shekara a cikin baka, a jera manazarta bisa haruffa. Mai karatu yana ganin tsufan hujja nan take, shi ya sa malaman ilimi da zamantakewa suka riƙe shi. Sai dai yana cin wuri.

IEEE na injiniyoyi da masana kwamfuta ne. Lamba kawai ake sawa, [1], [2], bisa yadda madogara ta fara bayyana, shafin kuma a raba shi gida biyu da rubutu mai ƙaramin girma. Ga taron da ya ƙayyade shafi shida, wannan tattali ne babba. Matsalarsa gyara: ka cusa madogara ɗaya a tsakiya, duk lambobin da ke bayanta sai sun sauya. Da hannu wahala ce, gara a bar wa manhajar kwamfuta irin Zotero ko LaTeX.

Ni na fi jin daɗin karanta APA, amma masu shirya taro ne ke zaɓa, kuma sukan mayar da maƙalar da ta saɓa ƙa'idarsu.