Bencin robar da aka sake narkawa: abin da na gani bayan damina biyu

Bayan gara ta cinye ƙafafun benci na uku a ƙofar gidanmu da ke Birnin Kebbi, ƙanena mai harkar jari-bola ya ce mini: “Yaya, ka gwada na roba mana.” Ba farar kujerar biki yake nufi ba, wadda ke tsagewa da zarar mai jiki ya jingina. Falanki ne mai kauri da ake yi da tsofaffin jarkoki, bokitai da murafen gora, a wanke su, a niƙa, a narka, sannan inji ya matso su dogaye kamar katako. Na sayi benci biyu da tebur ɗaya a wurin wani kamfani a Kano, kuma kuɗin ya fi na kafinta nesa ba kusa ba, ban da na mota.

Ta fuskar ruwa da gara ba ni da ƙorafi. Damina biyu suka yi a waje, babu ruɓa babu kumburi, kuma har yanzu ban sayi fenti ba. Wata safiya na tarar gara ta gina hanyarta ta jar ƙasa har rabin ƙafar bencin, na kankare da wuƙa, na ga ko ƙwarzane ba ta yi masa ba. Ƙurar hunturu kuwa tsumma da ruwa sun isa.

Rana ce ta nuna mini iyakarsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, benci mai launin toka da ya wuni a fili ba ya zaunuwa kafin la'asar sai an shimfiɗa darduma. Dogon cikinsu, mai ɗaukar mutum huɗu, ya lanƙwasa a tsakiya, domin roba tana saki idan ta ɗau zafi, masu haɗa shi kuma ba su sa masa ƙafa ta tsakiya ba. Kafintan unguwarmu ya buga ƙusa ta ƙi kamawa, sai da ya huda ya ɗaure da noti. Bencin yana da nauyi ƙwarai. Yaro ɗaya ba ya ɗaga shi, abin da ya rage mini fargabar ɓarayi.

Masu sayarwa suna yawan maganar tattalin arzikin da kaya ke zagayawa ba tare da sun zama shara ba. Zagayen na nan, amma yana da tsawo: yaranmu ne ke tsinto robar a bola, a auna a kilo, a loda zuwa Kano, sannan ta dawo mana da tsada. Ledar ruwa da ke toshe kwatocinmu, wadda awaki ke haɗiya su kumbura, ba ta cikin kayan da aka ce mini an yi nawa da su.

Zan ƙara saye, amma gajere, mai haske, kuma na ajiyewa a ƙarƙashin dalbejiya. Ƙanena ya riga ya ce duk ranar da dogon ya karye, shi zai saya a kilo.