Hattara da masu tallan keken tsere "shirye don doguwar tafiya"

Jama'a masu sha'awar tafiya a kan keke, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da sauran dandalin saye da sayarwa. Waɗanda ta fi kamawa su ne sababbin shiga, masu son ɗaura ɗan kaya su yi kwana biyu ko uku a hanya.

Za ka ga hoton keken tsere mai sheƙi, firam ɗin kabon (wani abu mara nauyi da ake ƙera keke da shi maimakon ƙarfe), giyar Shimano 105, an ɗaura masa kariya ta ɗora kaya a baya da jakunkuna biyu, an rubuta wai shirye yake tsaf don doguwar tafiya. Kuɗin kuma ƙasa da rabin darajarsa. Kana tuntuɓa sai ka ji mai shi zai yi ƙaura ne, mutum uku na jira, ka turo kafin alƙalami a ajiye maka. Wannan cinikin biri a sama ne. Sau da yawa babu keken ma, hoton wani aka kwafo. Ka saka hoton a Google Lens, ko ka ce ya kira ka ta bidiyo ya kifa keken ya nuna maka lambar da ke ƙasan firam, wajen da feda ke juyawa. Ɗan damfara zai fara kame-kame nan take. Idan ya bayar da lambar, ka bincika ta a Bike Index, inda mutane ke rajistar kekunan da aka sace.

A wannan damfarar, kuɗi kawai za ka rasa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai keken gaske, wanda za ka je ka gani da idonka, ka hau, ka ji daɗinsa, alhali ajali aka lulluɓe maka da fenti.

Yawancin kekunan tsere na kabon ba su da 'yan ramukan noti da ake ɗaura kariya a jikinsu, domin ba don dako aka ƙera su ba. Sai mutumin ya samo maƙalan ƙarfe ya matse kariyar a kan siraran sandunan nan biyu da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi zuwa tayar baya. Kabon yana jure nauyin da aka tsara masa, amma matsi daga gefe yana murƙushe shi. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta iyakar ɗauri a jikin noti, galibi Nm 5 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) ko kusa da haka. Ƙarfe idan ya gaji yakan lanƙwasa ya ba ka alama. Kabon yana iya tsagewa ta ciki, waje lafiya lau, sai ranar da kake gangarowa daga tudu da kaya a baya.

Na taɓa riƙe irin wannan firam a wajen wani mai gyara. Da aka kwance maƙalin, sai ga baƙin tef an naɗe wurin, ƙarƙashinsa fenti sabo wanda launinsa ya ɗan bambanta da na sauran jiki. Mai gyaran ya ƙwanƙwasa sandar da sulalla: sama tana amsawa ƙal-ƙal, daidai wurin tef ɗin sai sauti ya mutu. Ya danna da babban yatsa, wurin ya ɗan lotsa. Wanda ya sayar ya san da wannan, domin tef ba ya naɗe kansa. Kuma a sani, ƙwanƙwasawa tana iya tona ɓarna, amma jin sauti mai kyau ba shaidar lafiya ba ce.

Akwai kuma firam na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su Pinarello da Specialized. Sitika ce kawai ta gaske a ido. Ba wanda ya gwada ƙarfinsu.

Kada a ɗauka ina cewa keken tsere ba ya tafiya. Yana yi, har da daɗi, muddin kayan ba su da yawa: jaka ɗaya a ƙarƙashin sirdi, ƙarama a tsakiyar firam, kayan sawa kala ɗaya, tiyub da famfo. Amma mai cewa zai ɗauki manyan jakunkuna kamar keken da aka ƙera don tafiya, ƙarya yake yi. Duba tayar baya: na tsere wayoyinta sukan kama 20 zuwa 24, na tafiya 32 ko 36. Sandar da ta tashi daga feda zuwa tayar baya a na tsere wajen milimita 410 ce, a na tafiya takan kai 450, shi ya sa a kan na tsere dunduniyarka za ta riƙa dukan jaka. Taya mai faɗin milimita 25 kuma ba ta son nauyi a kan hanya mai ramuka.

Idan za ka saya, ka tafi da wanda ya san keke, da rana, a wurin da jama'a suke. Ka ce a kwance kariyar gaba ɗaya a gabanka, a ɓare duk wani tef da sitika da ba na kamfani ba. Wanda ya ƙi, ko ya ce sauri yake yi, ka bar masa kayansa, sannan ka kai ƙarar tallan ga masu dandalin kafin ya samu wani.