Fanke da lukumades ɗin Girka, ina suka rabu?

'Yar uwa da kika tambaya jiya ko lukumades ɗin mutanen Girka da kika gani an zuba wa zuma da ayaba ba fanke ba ne kawai aka canza wa suna, kuma ko za ki iya yi da kwaɓin fankenki, to amsar ita ce dangi ne amma ba ɗaya ba ne, ni ma da farko haka na ɗauka sai da na ɓata fulawa kofi 2 na gane.

Sunan ma ba baƙo ba ne a kunnenmu, daga luƙma yake na Larabci wato loma, Turkawa suna ce masa lokma, a Saudiyya da ƙasashen da ke kusa da ita luƙaimat, waɗanda suka yi Umra da azumi sun san shi ana cinsa da ruwan zaƙin dabino, a Sudan ma da shi ake shan shayin safe. Tun ƙarni na 13 an rubuta yadda ake yinsa a littafin girki a Bagadaza. A Girka kuma abin bukukuwa ne, a gaban ki ake soyawa a miƙo miki da zafinsa.

Bambancin gaba ɗaya a wajen sukari yake. Fanke sukarinsa a cikin kwaɓi yake, shi ya sa yake saurin yin ja a mai kuma cikinsa yake da laushi da ɗan nauyi, kina tsamewa an gama aiki. Lukumades kuwa sukarin da ake sa wa kwaɓin bai wuce cokalin shayi 1 ba, na tada yis ne kawai, in kika ɗanɗana shi haka nan salam za ki ji shi, zaƙin daga waje yake zuwa. To da yake ba sukari yana jure wuta, yana daɗewa a mai bai ƙone ba har bayansa ya yi ƙaras ƙaras cikin kuma ya zama kamar iska. In kika ɗauko fanke mai sukari kika tsoma a zuma wallahi guda uku za ki ci ya gundure ki.

Yadda nake kwaɓawa: fulawa kofi 2, yis cokalin shayi 2, kon fulawa babban cokali 1 saboda ƙaras ɗin, gishiri kaɗan, ruwa mai ɗumi kofi 1 ko ya ɗan fi. Ya fi na fanke ruwa ruwa, in kin ɗaga yana zubowa a hankali. Ki rufe awa 1, da zafin nan namu wani lokaci minti 40 ma ya tashi, da sanyi kuma sai kin yi haƙuri. Wajen sakawa a mai ba a yi manya irin na fanke, ki damƙi kwaɓin ki matse ya fito ta tsakanin babban yatsa da manuniya, ki yanke da cokalin da kika tsoma a mai, girman goro ya isa, loma ɗaya dai kamar yadda sunan ya ce. Wuta matsakaiciya, kina juyawa da matsami.

Ruwan zaƙin ki fara yinsa tun kafin kwaɓi ya tashi don ya huce: sukari kofi 1, ruwa kofi 1, ɓawon lemu, ya tafasa minti 5, ki sauke sannan ki zuba zuma. Ki tsoma lukumades ɗin da zafinsa, ruwan a huce, ki juya sau ɗaya ki tsame. Su mutanen Girka kirfa suke barbaɗawa da walnot, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, ni dai tsadar walnot ta sa na koma riɗi da soyayyar gyaɗa kuma ban ga abin da na rasa ba.

Batun kayan marmari kuma, a nan ne lukumades ya yi wa fanke nisa, tunda ba shi da zaƙin kansa komai kika ɗora yana karɓa. Ayaba ta fi sauƙi, mangwaro mai ɗan tsami ya fi wanda ya nuna tuɓus, sitiroberin Jos in kin samu ya fi duka don tsaminsa yana yanke zaƙin zumar. A sama ake zubawa lokacin da za a ci, kar ki sa a kwaɓi, ruwansu yana sa mai fallatsa kuma cikin ya ƙi soyuwa. Aful ne kaɗai nake yarda ya shiga ciki, a goga a matse ruwan a haɗa da kirfa. Kankana kam ki bar ta a gefe, jiƙa shi take yi. In kina son ya zo kusa da yogot ɗinsu mai kauri, ki juye kindirmo a kyalle mai tsabta ki rataye ya tsane, cokali ɗaya a gefen faranti.

Inda fanke ya rama shi ne wajen ajiya, ki soya da safe yara su tafi da shi makaranta, da yamma a sha kunu da ragowar. Lukumades in ya sha zuma ya yi awa ɗaya a faranti ya saki, don haka in baƙi za ki yi wa ki ajiye kwaɓin da ruwan zaƙin a shirye, sai kin ji sallamarsu ki ɗora mai.