Jami'a ba ta ɗauke ka ba: wace hanya ta cancanci kuɗinka?

Duk shekarar da jami'o'i suka fitar da sunaye, akwai gidaje a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi da ke yin tsit kamar an yi rasuwa. Namu ya taɓa zama ɗaya daga ciki. Ƙanena ya yi kwana uku yana sallah a ɗaki don kada abokansa su tare shi a ƙofar masallaci da tambaya. D7 guda a lissafi, wato makin da ke ƙasa da C6, ce ta kayar da shi.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, ɗauko sakamakonka na WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ka duba. Digiri a jami'ar KNUST ta Kumasi ko Jami'ar Ghana da ke Legon yana buƙatar A1 zuwa C6 a darussa shida, uku na dole, uku na zaɓi. Idan darasi ɗaya ko biyu ne suka riƙe ka, ni dai Novdec nake zaɓa maka, wato jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu. Abin da ka faɗi kaɗai za ka sake rubutawa, ka haɗa sakamakon biyu, ka nemi gurbi baɗi. Shekara guda ce, kuma ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Amma kada allon talla ya ruɗe ka wajen zaɓen makarantar bita. Ka je ka zauna a ajin lissafi rana guda, ka ƙirga ɗalibai, ka ga ko malamin yana warware tsofaffin tambayoyi a allo ko karanta amsa kawai yake yi. Ƙanena C4 ya samo ta nan, har Hajiya ta yi kuka.

Kumasi Technical University, wadda ta bar sunan Polytechnic a 2016, ta dace da mai son aikin hannu. Kwalejojin malamai irin Al-Faruq da ke Wenchi suna ba da digiri na shekara huɗu tun 2018, sai dai su ma C6 suke nema. Jami'o'in kuɗi kuwa, sai mai hali.

Yanzu ga abin da ya ƙona mu. Kafin mu yi tunanin Novdec, an haɗa Baba da wani mutum a wajen ɗaurin aure, wai yana da ɗan'uwa a ofishin ɗaukar ɗalibai, wai "furotokol", wato shigar da yaro ta hanyar sanayya. Kuɗin adashen Hajiya kaf aka tura masa ta MoMo, wato ta waya. Ya aiko da takardar shiga ta WhatsApp, da tambari da sa hannu, har muka sayi katifa da akwati. Ranar rajista aka duba kwamfuta, babu sunan yaron. Daga ranar wayar mutumin a kashe take.

'Yan damfarar nan suna da iri-iri. Akwai masu cewa za su mayar maka da D7 ta koma B3, akwai masu sayar da "tambayoyin gobe", wanda kan jawo a soke sakamakon yaro ma gaba ɗaya. Duk wanda ya ce a tura kuɗi lambar wayarsa, ya ce a yi sauri, ya ce kada a faɗa wa kowa, to ɓarawo ne, ko da rawani ya zo. Fom a wurin da makaranta ta ambata a shafinta ake saye, takardar shiga kuma kai da kanka za ka cire ta daga shafin da lambarka.