Na'urar kulorin mai aiki da gishiri: shekara guda da ita a Malali

Likita ne ya ce in riƙa tafiya a cikin ruwa saboda ciwon gwiwa, shi ya sa muka gina ɗan kwamin ninƙaya a bayan gida, nan unguwar Malali a Kaduna. Lita 40,000 yake ci. Shekarar farko da garin kulorin muka yi ta fama. Yau ya yi yawa, jikoki su fito ido ja wur. Gobe ya yi kaɗan, ruwa ya dushe. Ana haka mai shagon da nake sayen kayan ruwa ya nuna mini na'urar gishiri, ya ce, "Alhaji, in ka sa wannan, kai da kulorin sai dai labari."

Na'urar ta yi mini, amma wannan magana tasa ba gaskiya ba ce, kuma ita ta jawo mini asara.

Ruwan gishiri ma da kulorin yake tsabta, na'urar ce dai ke haɗa shi da kanta. Ruwa yana bi ta cikin wani bututu mai farantan ƙarfen titaniyom, wutar lantarki ta sarrafa gishirin da ya narke, kulorin ya fito ya kashe ƙwayoyin cuta. Gishirin da take buƙata wajen giram 3.2 ne a kowace lita, wato 3,200 a ma'aunin ppm (kashi nawa cikin miliyan ɗaya). Namu ya ci kilo 128, buhu biyar masu kilo 25 da ɗan ƙari. Kada adadin ya tsorata ku, ruwan teku ya ninka wannan sau goma. In ya shiga baki, ɗanɗanonsa kamar na hawaye ne. Kuma ba gishirin miya ake zubawa ba, ana neman wanda ba a sa masa aidin ba.

Daɗin ruwan kam ba a magana. Ba wari, ba kaikayin fata, uwargida ta daina ƙorafin kayan yara suna koɗewa.

A watan Afrilu abin ya same mu. Taransifomar layinmu ta ƙone, muka kwana uku ba wuta, ga rana kamar ta dafa mutum. Ban damu ba, tunda an ce mini na'ura ta ɗauke mini aiki. Ranar ta huɗu na dawo daga masallaci da asuba, gari ya fara wayewa, na sa ƙafa a matakalar farko sai na ji santsi. Da na duba, ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta kama bango, ko ƙasan kwamin ba a gani. Na tsoma 'yar takardar gwaji, wurin da ya kamata ya yi launi ya fito fari fat. Kulorin da ake so ya tsaya tsakanin ppm 1 da 3, babu ko ɗigo.

Yaron da ya haɗa mana na'urar ya zo kafin azahar, kuma shi ya gaya mini abin da ya kamata in ji tun ranar ciniki. Ya ce, "Baba, ai ba ta yin komai sai injin tura ruwa yana aiki. Wuta ta tafi, kulorin ya tsaya, wanda ke ciki kuma rana ta cinye shi." Da garin kulorin ɗin nan da aka ce na rabu da shi ya ceto ruwan: ya zuba da yawa lokaci guda, ya goge bango, muka bar janareta yana ta aiki. Kwana biyu kafin ruwan ya washe. Sannan ya sa wani sinadari da suke kira sitabilaiza, asid ɗin sayanurik, wanda ke kare kulorin daga hasken rana. Littafin na'urata ya ce a riƙe shi tsakanin ppm 60 da 80. Tun farko ba a sa mana ba. Yaron nan ya san aikinsa, Allah Ya yi masa albarka.

Daga nan na mayar da injin kan sola, yana yin awa takwas kullum da rana, daidai lokacin da kulorin ya fi ƙonewa. Ruwan bai sake yin kore ba.

Sauran hidimar ba ta da wuya, sai dai ba ta son mantuwa. Na'urar tana ɗaga ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwa-kanwar ruwa, kuma in ya wuce 7.8 ƙarfin kulorin yana raguwa, don haka duk Asabar nake gwadawa, in ƙara ɗan asid na rage pH (ba sitabilaiza ba) in ya hau. Ruwan rijiyar burtsatsenmu yana barin farin ɓawo a jikin farantan. Duk wata uku muna kwance bututun mu jiƙa shi a kashi huɗu na ruwa da kashi ɗaya na asid. A kula, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Da damina, musamman Agusta, ruwan sama yana cika kwamin ya malala, gishiri ya ragu, fitilar gargaɗi ta kama, sai a ƙara rabin buhu. Da hunturu ƙura ce matsalar, matatar yashi ta riƙa toshewa, amma da yake ba mai shiga saboda sanyi, ina rage ƙarfin na'urar.

Wanda ke da sola ko tsayayyar wuta, kuma zai iya gwada ruwa duk mako, ina ba shi shawarar ya saya. Wanda ba shi da su ya tsaya kan garin kulorin, zai fi masa sauƙi.

Abu biyu ne har yanzu ke damuna. Gishiri ya fara cin ƙarfen da nake dafawa in shiga, tsatsa ta fito a gindinsa, dole in sauya shi. Su kuma farantan suna ƙarewa, yawanci tsakanin shekara 3 zuwa 7, kuma shagon da na saya ba su ajiye na canji, sai an yi oda daga Legas. Na riga na ce su kawo mini ɗaya kafin bazara mai zuwa.