Bashin korona da na karɓa, da yadda sharuɗɗansa suka riƙa sauyawa

Duk tela ya san azumi ne kakarsa. Abin da ka ɗinka daga farkon Ramadan zuwa daren sallah, shi ke riƙe ka har babbar sallah. To a 2020 dokar kulle ta same mu a Kano tun tsakiyar Afrilu, azumi ya kama muna gida, aka yi sallah ranar 24 ga Mayu ba wani ɗinkin kirki da ya fita daga shagona. Ranar da na leƙa, ƙura ta rufe kekuna uku, ga shaddar mutane a ninke da alamar alli a jiki, ban ko sa mata almakashi ba. Yara huɗu ke aiki a hannuna, biyu masu iyali ne.

A wannan hali na nemi bashin da Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a watan Maris na shekarar, lokacin Godwin Emefiele yana gwamna. Naira biliyan 50 aka fara warewa, ana rabawa ta bankin NIRSAL. Magidanci zai iya samun har miliyan 3, mai ƙaramar sana'a har miliyan 25, gwargwadon ƙarfin kasuwancinsa. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari, kuma akwai lokacin da aka ɗaga kafin a fara biya. Ni dubu 500 ta fito mini.

Canjin farko alheri ne gare mu. Da fari sai ka kawo wanda zai tsaya maka, kuma a wancan lokaci kowa ta kansa yake, wa zai sa hannu a bashin wani? Na je wurin wani ɗan uwana ma'aikaci sau biyu, na ga nauyin abin a fuskarsa, na bar maganar. A tsakiyar shekarar aka janye wannan sharaɗi, nan ne takarduna suka motsa. Wanda ya cuce ni a tafiyar wani mai shagon intanet ne, ya karɓi kuɗina da sunan yana da hanya a sama, alhali cike fom ɗin kyauta ne, lambar BVN da bayanan sana'a kawai ake buƙata. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don kuɗin cefanen gida na ɗauka na ba shi.

Da alat ya shigo, na biya haya, na sayi ƙaramin janareta da keken lantarki guda, sauran na shiga Kantin Kwari na saro yadi muka ɗinka kayan makaranta. Ba wanda na sallama cikin yaran nan. Wannan kaɗai ya isa in ce bashin ya yi mini rana, kuma ba zan ɓoye ba.

Sai dai maganar kuɗin ruwa ita ce ya kamata a tsaya a kai. Kashi 5 ɗin nan rangwame ne na wucin gadi, ainihin farashin kashi 9 ne. An ce rangwamen zai ƙare ƙarshen Fabrairun 2021, sai aka ƙara shekara guda, da ta cika aka sake ƙarawa zuwa 2023. Mutum ya saba, ya gina lissafinsa a kai. Kwatsam a watan Agustan 2022 sanarwa ta fito cewa masu tsohon bashi za su koma kashi 9 daga 1 ga Satumba. A kan dubu 500, kashi 5 dubu 25 ne a shekara, kashi 9 kuwa dubu 45. Ni na riga na rage wani abu, don haka bai kai haka a kaina ba, amma ya zo daidai lokacin da zare da man janareta suka yi tashin gwauron zabo. Tun daga nan na ajiye wani gwangwani a ƙarƙashin teburin yanka, duk riga ɗaya da ta fita sai na jefa masa rabonsa kafin in taɓa sauran.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Daga baya an buɗe ɓangaren da ba ruwa, inda ake sayo maka kayan da kake buƙata ka biya a hankali da ribar da aka yanke tun farko. Da na ji labari na daɗe zaune shiru a bakin shago. Na ci mai ruwa ne don matsi, zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba, kuma da a ce da wancan aka fara, da shi zan nema ko da zai fi jinkiri. Na san teloli da dama a layinmu da suka ƙi nema sam saboda wannan dalili, suka sayar da kekunansu.

Akwai kuma waɗanda suka ɗauka rabon gwamnati ne. Ruɗanin yana da tushe, domin a 2020 an yi wani tallafi daban, Survival Fund, wanda masu sana'ar hannu suka samu dubu 30 kyauta. Amma namu bashi ne, kuma tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI da ya ba mai bin bashi damar cire kuɗi daga kowane asusu da ke haɗe da BVN ɗinka. Maƙwabcina mai wanki da guga ya yi ta cewa za a yafe. Wata safiya aka turo masa kuɗin wani aiki a wani banki daban, kafin azahar an kwashe. Ya zo ya miƙo mini wayar hannunsa na rawa, ya ce, "Maigida, duba mini, ko 'yan damfara ne?" Na karanta saƙon sau biyu, na ce masa bashin ne.

Nawa na gama biya. Keken lantarkin yana nan yana aiki, ƙaramin cikin yaran ne ke kansa yanzu.