Gidan kallon bayan layinmu: majigi tangaran, amma ƙwallo ta riga shi shiga raga

Kaka guda cur na yi ina kallon ƙwallo a sabon gidan kallon da aka buɗe a bayan layinmu nan Kano, daga Agustan 2024 har ƙarshen Mayun 2025. Ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Majigin ne ya fara janye ni daga tsohon wurinmu. Allo ne fari fes ya cinye bango guda, ko a bencin ƙarshe kake za ka karanta lambar rigar ɗan wasa. Sola suke amfani da ita, don haka in an ɗauke wuta ba mai tashi jan janareta, ba hayaƙi, ba zaman jiran dikoda ta dawo hayyacinta. Fankoki kuwa sun yi kaɗan. Rufin kwano ne, a watan Afrilu in gida ya cika sai ka ji kamar an saka ka a tandar gurasa.

Ta fannin ciki ba ni da ƙorafi sosai. Mai shayin bakin ƙofa ya iya Indomie da ƙwai, ba ya cika mata ruwa, ba ya rowar attaruhu da albasa. Ranar babban wasa mai tsire yakan kafa tukubarsa, yajinsa na ƙuli-ƙuli ne na gaske. Zoɓon da ake zagayawa da shi a ciki ne dai abin tausayi: sukari da filebo kawai, babu citta babu kanumfari, launi ne kaɗai ya nuna zoɓo ne. Kunun ayan ya fi shi, amma ka saya kafin hutun rabin lokaci, don da ƙanƙarar ta narke yake fara tsami.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ta intanet suke janyo wasan da ake haskawa a majigin, ba ta tauraron ɗan'adam ba, kuma hoton intanet a baya yake zuwa. A wasannin yau da gobe ban damu ba. Daren Talata 6 ga Mayu, 2025 ne ya sa na gane illar abin.

Ni ɗan Barcelona ne, ba na ɓoyewa. Wasan kusa da na ƙarshe ne na Gasar Zakarun Turai da Inter Milan a filinta na San Siro, bayan an tashi 3-3 a karawar farko. Inter ta sa mana biyu kafin hutu, muka fita sallar isha'i jiki a sanyaye, 'yan Madrid na bin mu da tsiya har wajen alwala. Aka dawo, Eric Garcia ya ci, Dani Olmo ya farke, a minti na 87 Raphinha ya sa ta uku. Benci ya kife, wani ya ɓarar min da kunun aya a riga, ban ko waiwaya ba. Yamal ma ya buga ta daki turke. Muna tsaye muna lissafin wasan ƙarshe a Munich, sai wani yaro a bayana da kansa ke cikin waya ya kwatsa ihu: "Wallahi sun farke!" A kan allo kuwa ƙwallon ba ta ma iso gidanmu ba. Muka tsaya kamar gumaka, muna kallon Acerbi, ɗan baya mai shekara 37, yana tafiya cin ƙwallon da muka riga muka ji labarinta. Ta Frattesi da ta fitar da mu a ƙarin lokaci ma haka, ihun gidan kallon tsallaken titi ne ya fara sanar da mu. A ci ka da ciwo, amma a gaya maka za a ci ka sannan a zaunar da kai ka kalla, wannan azaba ce daban.

Ba duka laifin gidan ba ne, mu ma da namu. Rabin 'yan kallo yanzu ido ɗaya a allo, ɗaya a WhatsApp, kowa na tanadin hoton tsokana da zai ɗora kafin alƙali ya hura tashi. Kafin in isa gida a daren nan an ambace ni a Facebook ya fi a ƙirga, har da ƙanin matata da ko dokar satar gida bai sani ba.

Washegari na samu mai gidan, na ce, "Alhaji, don Allah a riƙa ɗora manyan wasanni a kan dish." Ya ce kuɗin wata ya yi tsada, amma zai duba. Har ranar 31 ga Mayu da PSG ta lallasa Inter 5-0 yana dubawa. Wannan wasan a tsohon wurinmu na kalle shi, kan ƙaramar talabijin da ƙarar janareta, sai da aka tashi na biyo ta wajen mai shayin sabon gidan na ci Indomie ta.